Tambaya kan tazarar gini daga bakin kogi a Yauri

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana dokar filaye da ma'aikatan safiyo kan wata matsala da ta hana ni sakat wata biyar ke nan.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana fili a Yauri kusa da Kogin Neja, kuma ina da niyyar gina ɗakuna uku domin mahaifiyata da ƙannena. Da na nemi izinin gini, wani jami'i ya ce in ja baya mita 30 daga bakin ruwa, wani kuma ya ce mita 100, yana kafa hujja da dokar hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta 1997. Babu wanda ya ba ni komai a rubuce.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne inda ake fara awon, domin bakin ruwa a nan ba tsayayye ba ne, yana bin cikar tafkin Kainji da janyewarsa. Idan ruwa ya janye, akwai taku fiye da 150 tsakanin turakun filin da gaɓa, amma a ambaliyar 2020 ruwa ya taɓa gindin tsamiyar da ke kan iyakarmu, har yau shatarsa na nan a jikin bishiyar.

Shin daga gaɓar rani ake aunawa, ko daga iyakar ambaliya? Kuma maganar wa ke gaba, ta jiha da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa wa gwamnanta filaye, ko ta tarayya? Na riga na sayi bulo 1,200, suna jibge, kuma ina tsoron in zuba harsashi a zo a shafa masa jan fenti.