Hoton asibiti da gashin cutar kansa a wuya: wanne ke taɓa tayirod?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Don Allah masana, ana cewa yawan ɗaukar hoto a asibiti na lalata tayirod (halittar da ke gaban wuya mai daidaita aikin jiki), har ya kawo maƙoƙo ko kansa. Gaskiya ne? Wanda aka yi wa gashi (wato ƙona cutar kansa da hasken radiyeshon) a wuya fa, me ya kamata ya riƙa dubawa?

Mai Ɗaukar Hoto: Wa alaikumus salam, Hajiya. A raba su tukuna, don ba ɗaya ba ne. Eksiren ƙirji bai wuce milisibat 0.1 ba (milisibat ma'aunin hasken radiyeshon ne), alhali abin da jiki ke sha daga ƙasa da iska da sararin sama ya kai kusan 2.4 a shekara. Na haƙori ma bai kai haka ba. Sikanin ciki irin na masu juna biyu da MRI (hoton maganaɗisu) babu wannan hasken a cikinsu sam.

Inda ake lura shi ne siti-sikan (hoton eksire mai yawan haske) na wuya ko ƙirji, musamman ga yara, domin tayirod tana nan ƙasan zakaran wuya, kusa da fata, kuma ta yaro ta fi saurin taɓuwa. A Isra'ila tsakanin 1948 da 1960 an yi wa yara sama da 10,000 maganin ƙorar kai da eksire. Bayan shekaru aka ga kansar tayirod ta fi yawa a cikinsu. Ba ta fitowa nan take, sai an yi shekara 5 zuwa 10 ko fiye. In za a yi wa yaro siti, a tambaya ko an saita injin daidai nauyinsa, a kuma tafi da tsohon hoto kar a maimaita a banza.

Nas a Sashen Kansa: Gashi kam wata magana ce daban. Ana ba wuya girai (ma'aunin hasken gashi) 60 zuwa 70 cikin mako 6 ko 7, kuma abin da ya fi biyo baya ba kansa ba ne, raguwar aikin tayirod ne. Matsalar ita ce alamominsa, wato kasala, jin sanyi, bushewar ciki da ta fata, ƙiba ba dalili, duk sai a ɗora wa jinya, a yi ta shan maganin ƙarin jini. A yi gwajin TSH, wato gwajin jini na aikin tayirod, kafin fara gashi, sannan duk wata 6 zuwa 12, ko da mutum na jin garau.

In an rubuta levothyroxine, maganin raguwar aikin tayirod, a sha da ruwa zalla da sassafe, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini da kalsiyam a nisanta su da awa 4, suna hana shi shiga jiki. Bayan mako 6 zuwa 8 a sake gwaji kafin a taɓa awon.

Mai Ɗaukar Hoto: Malama ta tuna mini wani abu. Allurar da ake yi kafin siti don hoto ya fito tas cike take da ayodin. Mai tsohon maƙoƙo mai ƙulli-ƙulli, tana iya tunzura masa tayirod bayan 'yan makonni: bugun zuciya, rawar hannu, rama. Ya faɗa tun kafin a ɗaura masa allurar.