Kemistiri na neman gagarar ƙanwata, a ba mu shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta shiga ajin kimiyya a babbar sakandare. Tana karatu bakin gwargwado, amma da an zo lissafin kemistiri sai kanta ya ɗaure. Ta ina za ta kama?

Malamin kemistiri: Wa alaikumus salam. Ta kama daga mol, ta bar sauran tukuna. Yawancin yaran da ke kuka da darasin nan, a nan aka wuce su. Mol ɗaya ƙwayoyi 6.02 × 10²³ ne, amma riƙe lambar kaɗai ba ya fid da yaro. A gwada ta: nauyin haidirojin 1 ne, na oksijin 16, ruwa (H₂O) kuma haidirojin biyu ne da oksijin ɗaya, don haka mol ɗaya na ruwa giram 18 ne. To giram 36 mol nawa ke nan? In ta amsa babu inda-inda, a ba ta NaCl, wato gishiri, mai giram 58.5 a mol ɗaya. Kullum ta zauna da biro ta yi aikin da hannunta, karanta amsar wani ba iyawa ba ce.

Ɗalibar harhaɗa magunguna: Gaskiyar Malam ce. Sannan kada ta ce sai ta haddace sinadarai 118 na jadawali. Guda 20 na farko sun ishe ta yanzu, muddin ta gane dalilin jerin. Sodiyam da fotashiyam layinsu ɗaya, halinsu ɗaya, duk suna tafasa in sun taɓa ruwa. Mendeleev, masanin kemistirin da ya tsara jadawalin a 1869 har gurabe ya bari na waɗanda ba a gano ba.

Wani tsohon ɗalibi: Yaya, ni dai ban yarda a raina hadda ba. Launuka dole a riƙe su: fenolftalin, sinadarin da ake gwaji da shi, ba shi da launi a asid, ya koma ruwan hoda a alkali, wato kishiyar asid.

Malamin kemistiri: Haka ne, wannan kam sai hadda. Wani abin da ke ci min rai: wajen daidaita ikweshan kada ta taɓa ƙananan lambobin ƙasa. 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Wanda ya mayar da H₂O zuwa H₂O₂ ya bar ruwa ya koma wani sinadari daban. A ɗakin gwaji kuma asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malam, in na turo aikinta na mol za ka duba mana?

Malamin kemistiri: Turo, har da inda ta soke. Nan nake son gani.