Abin da aka ce kan sashen injiniyan sinadarai

A tattaunawar malamai da injiniyoyin masana'antu, koyarwa ce ta fi cin lokaci. Injiniyoyin suka ce a fara da lissafin abin da ya shiga tukunyar sarrafawa da abin da ya fita, kaya da zafi duka. Wanda bai iya wannan da biro ba, manhajar Aspen HYSYS, mai kwaikwayon aikin masana'anta a kwamfuta, ba za ta cece shi ba, kuma gaskiyarsu ce. Suna son ɗalibi ya buɗe bawul, wato makunnin bututu, da hannunsa, ya ga allurar ma'aunin matsi tana hawa. Darasin kariya kuwa, kada a ajiye shi sai ajin ƙarshe. Misali, gubar da ta ɓalle daga wata masana'antar sinadarai a Bhopal ta Indiya a 1984 ta kashe dubban mutane.

Kan bincike, an ja kunne cewa abin da ya yi kyau a kwalba yakan ƙi a babban tanki, domin zafi ya fi wuyar fita idan girma ya ƙaru. A fara gwadawa a ƙaramar na'ura tukuna.

Kan aiki da kamfanoni kuma, a rubuta yarjejeniyar wanda zai mallaki sakamako tun kafin aiki, a yi rajistar ƙirƙira kafin wallafawa.