Taƙaitawa: Rigimar kwantiragi tsakanin 'yan damben MMA da masu shirya gasa

Jama'a, muhawarar da aka yi kan kwantiragin 'yan MMA (damben da ya haɗa naushi, shuri da kokawa) ta yi tsawo, ga abin da na tsamo.

Inda aka haɗu:

1. Kwantiragi yawanci da adadin faɗa ake ƙulla shi. Idan ɗan dambe ya ji rauni ko ya ƙi abokin karawar da aka ba shi, kamfani na iya tsawaita wa'adin. Nan rigima ta fi tasowa.

2. Sharaɗin zakara: mai riƙe da kambu kwantiraginsa na ƙaruwa kai tsaye. Ko bayan ya ƙare, kamfani yakan riƙe damar biyan daidai abin da wani ya taya, ya hana shi tafiya. Lauya ya karanta waɗannan kafin a sa hannu, manaja kaɗai bai isa ba.

3. Kuɗin sau da yawa rabi biyu ne, na shiga keji (fagen da ake faɗan) da na nasara. Wanda ya sha kaye rabi zai ɗauka, ya biya koci da manaja daga ciki.

4. Tun 2015 UFC (babban kamfanin shirya gasar MMA) ta hana sa tambarin masu talla na ƙashin kai a keji. Kayan kamfanin da UFC ta ƙulla yarjejeniya da shi ake sawa: da Reebok aka fara, Venum ta karɓa a 2021.

Inda aka rabu: ko ya dace ɗan dambe ya kai ƙorafinsa kan kamfani kafafen sada zumunta. Masu goyon baya sun kawo misalin Francis Ngannou, wanda ya bar UFC a 2023, ya koma PFL (wani kamfanin gasar MMA), ya kara da Tyson Fury a damben boksin. Wasu suka ce mai suna ne kawai ke iya haka, ƙaramin ɗan dambe ajiye shi za a yi. Ni na fi karkata nan.

An kuma rabu kan sulhun dala miliyan 375 da UFC ta yi da tsofaffin 'yan wasanta da suka kai ta kotu: wasu na ganin nasara ce, wasu sun ce sharuɗɗan na nan daram.