Basma (zanen yatsa) da DNA: me za a ba yaro ya gani ban da fim?

Maman Abba, Jidda: Assalamu alaikum jama'ar zaure. An fasa shagon mai gidana wancan watan, an kama wani, maƙwabta biyu sun shaida sun gan shi. Amma Abba ya dage wai tunda ba a samu DNA (shaidar ƙwayoyin halittar mutum) ba, ba shari'a ke nan. Finafinan masu bincike sun cika masa kai. Wallahi abin yana damuna, don lauya yake son zama. Me zan ba shi ya karanta ko ya kalla?

Ɗalibi a Madina: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka fara fim ɗin masu bincike mai suna CSI a Amurka a 2000, lauyoyin can suke kukan cewa mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a suna jiran hujjar ɗakin gwaji a kowace ƙara. A fim minti 40 an gama. A zahiri samfur yakan yi makonni yana jiran layi, kuma sau da yawa basmar da aka ɗauko a ƙofa rabi ce ko ta goge. Ki ce wa Abba ya nemi labarin Brandon Mayfield, wani lauya Ba'amurke. Bayan harin jirgin ƙasa na Madrid a 2004, hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta ce zanen yatsarsa ne a jikin wata jaka, aka tsare shi mako biyu, sai 'yan sandan Sifen suka gano na wani ɗan Aljeriya ne.

Malam, Makka: Hajiya, ki fara masa da Suratu Yusuf. Rigar da aka yage ta baya, ai ita ce ƙarina, alamar da ke nuna inda gaskiya ta karkata. Malamanmu ba su taɓa watsi da ita ba, amma ba su ɗora ta a kan shaidu da iƙirari ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a nan Makka a 2002, ta halatta dogaro da DNA wajen binciken laifi, ban da laifukan haddi da kisasi. Fatawar tana intanet, gajera ce. Kuma ki tuna masa nan alƙali ne ke auna hujja, ba mutanen gari ba.

Anti Nas, Riyad: Ni dai kar a tsoratar da yaron daga ilimin. Gwajin nan ya fitar da mutane da yawa daga kurkuku. Karo na farko ma da aka yi amfani da shi wajen binciken laifi a Ingila, a 1986, wanke wani matashi ya yi wanda har ya amsa laifin kisa da bakinsa. Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ne ya yi aikin. Abba ya karanta wannan. In yana son fannin da gaske, Jami'ar Naif a nan Riyad tana koyar da shi.

Maman Abba, Jidda: Allah ya saka da alheri. Malam, a turo mini fatawar ta waya, daren nan zan zaunar da shi da babansa mu karanta tare.

Malam, Makka: In sha Allahu bayan Isha'i, Hajiya.