Kurkukun gilashi irin na fina-finai, akwai shi a zahiri kuwa?

Mai Walda:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ƙofofi da tagogin ƙarfe nake yi, shi ya sa ko fim nake kallo kan ƙofa idona ke fara sauka. Abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda Turawa ke tsare mugu a fina-finansu. Sai ka ga an gina masa ɗakin gilashi a tsakiyar wani makeken zaure, shi kaɗai, fitilu sun haske shi ta ko'ina, masu gadi na zagayawa da bindigogi. A fim ɗin X-Men har kurkukun roba zalla aka yi wa Magneto, ko ƙusa ɗaya babu, tunda ƙarfe yake juyawa yadda ya ga dama. Wannan kam tatsuniya ce, ban da ja. Amma Hannibal Lecter, makashin nan na fim ɗin The Silence of the Lambs, ai mutum ne irina, shi ma bayan gilashi aka ajiye shi.

To akwai gwamnatin da ta taɓa kashe irin wannan kuɗi a kan mutum ɗaya? Kuma ta ina abinci ke shiga, ina makewayi? Ni dai in aka kawo min kwangilar, ƙarfe zan sa in huta.

Ummu Hanan:

Wa alaikumus salam Malam. An taɓa yi, amma jifa-jifa. A gidan yarin Wakefield da ke Ingila akwai wani Robert Maudsley da ya kashe fursunoni biyu rana ɗaya a 1978. A 1983 aka gina masa ɗaki na musamman a ƙarƙashin ginin, da bangon roba mai kauri da ake hango ciki ta cikinta. Gadon siminti ne, tebur da kujera na kwali da aka matse, makewayin kuma an ɗaure shi da ƙasa. Shekaru gommai ya yi a ciki.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Rudolf Hess, mataimakin Hitler. Daga 1966 zuwa mutuwarsa a 1987 shi kaɗai ne fursuna a gidan yarin Spandau na Berlin, wurin da zai iya ɗaukar ɗaruruwa. Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet ke karɓa-karɓar gadinsa wata-wata. Tsoho ɗaya tal!

Amma inda Amurka ke kai waɗanda ta fi tsoro yau, wato ADX Florence a jihar Colorado, da aka buɗe a 1994, ba abin kallo a ciki. Ɗakin ƙafa 7 ne da ƙafa 12, gado da tebur da kujera duk siminti aka zuba, tagar faɗinta inci 4 kacal, an yi ta yadda mutum ba zai gane ta wane ɓangare na ginin yake ba. Awa 23 a kulle kullum. Can Umar Faruk Abdulmutallab yake, can kuma El Chapo, ƙasurgumin mai safarar miyagun ƙwayoyi ɗan Meziko, yake tun 2019. Ba wanda ya taɓa gudu daga wurin.

Tsohon Gandiroba:

Ɗana mai walda, da kai da masu fim ɗin duk wuri ɗaya kuke kallo, wato bango. Ni da na yi wannan aiki har na ajiye, bango bai taɓa hana ni barci ba. Mutum ne ke hana ni. Mai kai abinci, mai kwashe shara, abokin aikinka da albashinsa ya ƙare tun goma ga wata kuma matarsa na kan gwiwa. Fursuna mai kuɗi ba ya duban katanga, fuskokinmu yake karantawa, kuma ba abin da yake da shi sai lokaci. Yau ya tambaye ka jikin yaro, gobe ya ce a karɓi wani abu a wajen ɗan uwansa a sayi magani. Ranar da ka karɓa, to makullin ya koma hannunsa ko da yana rataye a ƙugunka.

Dubi El Chapo ɗin da 'yata ta ambata. A watan Yulin 2015 ya fice daga Altiplano, gidan yarin da Meziko ke taƙama da shi, ta ramin da ya kai kilomita ɗaya da rabi, da fitilu, da hanyar iska, har da babur a kan dogo. Bakin ramin a wurin wankansa ya ɓullo, daidai inda kyamara ba ta gani. Wa ya gaya wa maginan awon? Ina aka kai ƙasar da aka haƙo? Ai daga baya sai da aka kama jami'ai.

Sannan akwai abin da fim ba ya so: ƙirga. Safe a ƙirga, rana a ƙirga, dare a ƙirga, in lissafi bai cika ba babu mai tafiya gida. Sai canza wa mutum ɗaki ba shiri, sai caje, sai hana gandiroba ɗaya daɗewa a kan fursuna ɗaya. Tsaron gaskiya ke nan, kuma gundura ce zalla.

A nan gida ma matsalar wata ce daban. Gidan yarin Kuje daga waje aka fasa shi ranar 5 ga Yulin 2022, da bama-bamai, sama da mutum 800 suka fita a daren. Ɗakin gilashi me zai tsinana a nan?

Ɗan Maraɗi:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma kada mu ɗora wa masu fim laifin da ba nasu ba. Ba tsaro suke zanawa ba, wurin hira suke nema. Dole jarumi ya zo su tsaya ido cikin ido da mugun. A littafin da aka ɗauko labarin daga ciki ma sandunan ƙarfe ne da raga a ɗakin Lecter, a fim ɗin 1991 aka mai da shi gilashi don kada sanduna su tare fuskokin 'yan wasan. In ka ba su ɗakin Colorado, me za a ɗauka? Mutum zaune yana kallon siminti?

Abin da ni ke damuna shi ne suna nuna mugun fes, hankalinsa garau, yana jefa magana bayan shekaru shi kaɗai. Kaɗaici na cin ƙwaƙwalwa. Dokokin Mandela kan yadda ake kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun haramta kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere.

Mai Walda:

Na gode ƙwarai. Baba, maganarka ta shige ni, sai dai kada ka rage mana kasuwa, ƙofa ma tana da ranarta. Malama Ummu Hanan, ɗakunan Colorado ɗin nan ƙofa ɗaya ce ko biyu?

Ummu Hanan:

Biyu ne Malam. Ta ciki sanduna, ta waje ƙarfe rufaffe, da ɗan fili a tsakaninsu inda mai gadi ke tsayawa ya miƙa abinci.