Bayan ɓarin ƙaramin ciki, me ya kamata a yi mata?

Maman Walida (Jega): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwar maigidana ta yi ɓarin cikin wata biyu shekaranjiya, tana gida, jini bai ɗauke ba. Me za mu yi mata?

Sista Ungozoma (Argungu): Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya mayar mata da alheri. Kafin komai a kai ta a yi hoton ciki, don a tabbatar mahaifa ta fitar da komai. Abin da ya fi wahalar da mata shi ne saura da ya maƙale, jini ya ƙi tsayawa, daga baya ya ruɓe. Idan hoto ya nuna saura, hanya uku ce: a jira ya fita da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko a ba ta misoprostol, maganin da ke sa mahaifa ta fitar da saura, a asibiti, ko a yi wankin ciki da sirinji, aikin da ba ya wuce minti 15. Jini kan ɗauki mako 1 zuwa 2 yana raguwa, daga ja ya koma ruwan ƙasa. Amma in tana jiƙa audugar mata biyu a awa ɗaya har awa biyu a jere, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko jinin ya fara wari, ko tana ganin jiri in ta miƙe, kada a jira gari ya waye.

Nas Hadiza (Yauri): Anti Sista, a ƙara da ciwon mara na gefe ɗaya mai tsanani, musamman in ya haɗu da ciwon kafaɗa ko suma. Wani lokaci ba ɓari ba ne, ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, kuma yana iya fashewa. Wannan na tiyata ne, sai babban asibiti irin Sir Yahaya a Birnin Kebbi.

Hajiya Inna (Gwandu): A ɗora mata ruwan zafi ta yi wankan jego ko na kwana bakwai ne, a dama mata kunun kanwa. Shi ke wanke dattin ciki.

Sista Ungozoma (Argungu): Inna, a yi mini afuwa, nan kam ban bi ki ba. Ruwa mai ɗumi don jiki ya saki babu laifi. Amma tafasasshen ruwa ga wadda ta zubar da jini yana iya kayar da ita a bayi. Kanwa kuma gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, likitocin Zariya sun daɗe da danganta ta da ciwon zuciyar masu jego. Ba ta fitar da saura. Haka matsi ko wani haɗi da ake cusawa a gaba: bakin mahaifa a buɗe yake yanzu, duk abin da aka saka hanya ce ta ƙwayar cuta. In kunzugu take amfani da shi, a wanke da sabulu a shanya a rana, ba a ƙarƙashin gado ba. Maigida kuma ya yi haƙuri sai jini ya ɗauke gaba ɗaya.

Hajiya Inna (Gwandu): To, zamani ya zo da nasa. Amma ku bar mata farfesun kifi da hanta.

Anti Mai Kemis (Zuru): Wannan kam mun yarda, Inna! Hanta, wake, zogale, kifin Yauri. A auna yawan jininta, a kuma duba maleriya, don tana kawo ɓari kuma tana shanye jini. Ƙwayar ƙarin jini da folik asid ta sha kamar wata uku, amma ba da shayi ba, shayi na hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jinin. Lemon zaƙi ya fi. Bayan gida zai yi baƙi, ba matsala ba ce. Don ciwon mara, farasitamol ƙwaya biyu duk awa shida, kada ta wuce takwas a yini. Kuma don Allah kada a zo kemis sayen misoprostol ba tare da hoto ba.

Nas Hadiza (Yauri): A duba rukunin jininta. In nagetif ne a faɗa wa likita da wuri, akwai allurar anti-D, mai kare cikin da za ta ɗauka nan gaba, da ake yi cikin awa 72, musamman in an yi wankin ciki. Bayan mako uku ta yi gwajin ciki na fitsari. In ya nuna layi biyu har yanzu, ta koma asibiti. Al'ada kan dawo cikin mako 4 zuwa 6, amma tana iya ɗaukar ciki tun kafin ta gan ta. Ta bari al'ada ta zo ko sau ɗaya, jininta ya cika.

Malamar Islamiyya (Birnin Kebbi): Batun salla: a mazhabar Malikiyya, in abin da ya fita gudan jini ne daskararre wanda ruwan zafi ba ya narkar da shi, jinin da ya biyo baya na biƙi ne. Da ya ɗauke sai ta yi wanka ta ci gaba da salla, ba sai ta cika arba'in ba. Sannan ku kula da bakinku a gabanta. "Ai ƙaramin ciki ne" da "za ki samu wani" suna ƙona zuciya, ko da niyyar mai faɗa kyakkyawa ce. Ta riga ta fara lissafin watan haihuwa, wata ma ta zaɓi suna. A bar ta ta yi kuka, kuka ba rashin tawakkali ba ne. A koya mata addu'ar Ummu Salama: Allahumma'jurni fi musibati, wa akhlif li khairan minha.

Sista Ungozoma (Argungu): Malama kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga halittar ɗan tayin ne tun ranar da ya shiga. Ba daka ba ne, ba ɗaukar ruwa ba, ba hawa babur ba. A gaya wa uwar miji wannan, a gaya wa mijin, don shi ma yana cikin jimami ko da bai furta ba. Kuka ba dalili da rashin barci a kwanakin farko duk suna faruwa, sinadaran ciki ne ke sauka. Amma in an wuce mako biyu ba ta cin abinci, ta ƙi shiga mutane, ko tana cewa gara ta mutu, a kai ta wurin likita ranar, kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki. In ɓarin ya kai uku a jere, a binciki suga, maƙoƙo, daskarewar jini da siffar mahaifa.

Maman Walida (Jega): Na gode, Allah Ya saka. Gobe da sassafe za mu je hoton. Ta ci abinci kafin mu tafi?

Nas Hadiza (Yauri): Ta ci abu mara nauyi, ta sha ruwa kofi uku ko huɗu, kada ta yi fitsari sai an gama hoton. Ku tafi da katinta na awo in ta fara.